Tambaya da Amsa: Wanzamin kifi zai kore mini farin ɗigo a akwatin murjani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina Yamai, ina da akwatin kifi na ruwan gishiri mai lita 300, ya yi wata tara da kafawa. Akwai murjani mai rai, kifin Amphiprion (wanda ake kira clownfish) biyu, da jatan lande guda biyu. Wanda ke shigo mini da kifi ya kawo labire, wato dangin kifin teku da ake kira wrasse, iri uku: mai zane shida, wani kore mai wutsiya kamar jinjirin wata, da ɗan siririn nan mai baƙin layi da ke tsince jikin kifi. Tun shekaranjiya nake ganin fararen ɗigo a jikin kifina ɗaya, hankalina ya tashi. Mai shigo da kifin ya ce in na sa mai tsincewar ba na bukatar magani ko killacewa. Wanne zan ɗauka, kuma za su zauna lafiya da murjanina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A wannan makon kada ka ɗauki ko ɗaya. Akwatinka akwai cuta, duk kifin da ka zuba yanzu ƙarin abinci ka kai mata.

Wannan magana ta mai tsincewa ita ce ƙaryar da ta fi kashe kifi a hannun masu akwati, kuma bakin masu sayarwa bai gaji da maimaita ta ba. Kifin da kake nufi sunansa Labroides dimidiatus, mu muna ce masa wanzami. A teku aikinsa gaskiya ne: yana da wurin zamansa, manyan kifaye su zo su buɗe baki, ya cire musu ƙananan ƙwarin da ke maƙale a bayan fata suna shan jini, ya haɗa da matacciyar fata da yauƙi. Amma farin ɗigon da ka gani, wato Cryptocaryon irritans, ba a bayan fata yake ba. Ƙwayar tana kutsawa ƙarƙashin fatar, ta zauna a can tana ci, ɗigon da idonka ke gani kumburin jikin kifin ne a kanta. Bakin wanzami bai kai can ba. Tana ma shiga cikin gaɓar numfashi, inda ba ka gani sai dai ka ga kifi yana haki yana goga jiki da dutse.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne yadda cutar ke tafiya. Tana yin kwana 3 zuwa 7 a jikin kifi, sai ta faɗo da kanta ta manne a yashi ko dutse, ta rufe kanta cikin kwanso tana rarrabuwa. Mai akwati ya sa wanzami ranar Litinin, ranar Juma'a ya ga ɗigo ya ɓace, sai ya buga wa mai sayarwa waya yana godiya. Bayan mako ɗaya ko biyu kwansunan su fara fashewa, ƴaƴa ɗaruruwa su fito neman kifi, lokacin ne za ka wayi gari duka akwatin kamar an barbaɗa musu gishiri. Shi kansa wanzamin yana kamuwa, ai dama an ce wanzami ba ya son jarfa. Haka labarin sa tafarnuwa a abincin kifi yake, da ɗigon maganin da ake rubuta wa cewa ba ya taɓa murjani: suna iya sa kifi ya ci abinci, ba sa kashe ƙwayar. Duk wanda ya ce maka akwai ruwan da za ka tsiyaya cikin akwatin murjani ya kashe farin ɗigo ya bar jatan lande da rai, kuɗinka yake so.

Kuma shi wanzamin ana cutarsa. A teku kifaye masu yawa ke zuwa masa kowace rana. A lita 300 da kifi biyu ba shi da abin ci, da yawansu ba sa karɓar abincin hannu, sai ya dinga bin Amphiprion ɗinka yana cizon yauƙin jikinsu har su rasa sukuni, daga baya ya rame ya mutu. Akwai ma wani kifi, Aspidontus taeniatus, mai kama da shi sak, wanda ke yagar fika-fikan kifi. Bakin na gaskiya yana can gaba a tsinin hanci, na jabun yana ƙasa.

Abin yi shi ne ka kwashe duka kifin, har wanda ba ka ga ɗigo a jikinsa ba, zuwa wani akwati na lita 60 zuwa 80, babu dutse babu yashin murjani, sai guntayen bututun roba don ɓuya da famfon iska. A can za ka ba su maganin jan ƙarfe kwana 30. Ka karanta kwalbar da kyau, don akwai mai neman miligiram 0.5 a lita, akwai mai neman 2 zuwa 2.5, kuma ba a yinsa sai da abin gwaji a hannu. Ka riƙa auna amoniya, gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi, kullum. Jan ƙarfe kada ya kusanci babban akwatin, ko a jikin raga ko bokiti, yana kashe murjani da jatan lande. Babban akwatin kuma ya zauna ba kifi kwana 76, saboda an taɓa samun kwanson ya kai kwana 72 bai fashe ba. Na san da tsawo, amma in ka yanke a kwana 30 kana iya komawa farko.

Sai zaɓin labire bayan an gama wannan. Koren mai wutsiyar jinjirin wata Thalassoma lunare ne. Ba murjani yake ci ba, amma yana wuce santimita 25, zai cinye jatan landenka da dodon koɗi, ya kuma addabi duk ƙaramin kifi. Ka bar shi. Haka ɗan jan nan mai fararen faci, Coris gaimard, wanda ake kawowa kamar yatsa: yana girma ya riƙa kifar da duwatsu da murjani yana neman abinci a ƙarƙashi. Mai zane shida, Pseudocheilinus hexataenia, ba ya taɓa murjani, ƙarami ne kuma mai juriya, shi ya sa kowa ke sayensa da fari. Idan ya saba da wuri sai ya zama sarkin akwati, duk labiren da ya shigo bayansa zai bi shi har ya kashe ko ya sa ya yi tsalle waje. In kana son tara labire iri-iri, ka haƙura da shi.

Ga lita 300 zan ba ka shawarar labire uku. Namijin Paracheilinus ɗaya, carpenteri ko mccoskeri, shi zai fara shiga. Bayan mako biyu Cirrhilabrus lubbocki ɗaya. Na ƙarshe ruwan ɗorawan nan, Halichoeres chrysus, wanda ke taimaka maka da cin ƙananan tsutsotsin da ke damun murjani, sai dai jatan lande ƙanana sosai ba su tsira daga bakinsa ba. Kada ka haɗa maza biyu na iri ɗaya. Ka kuma sani labire mace tana rikiɗa ta zama namiji, don haka biyun da aka sayar maka a matsayin mata da miji suna iya zama abokan gaba cikin ƴan watanni. Kowane sabo ya yi killacewarsa, a ɗaga masa jan ƙarfe a hankali cikin kwana 4 ko 5 don labire ba ya son a hau da shi lokaci guda, sannan ya yi kwana 2 ko 3 cikin ɗan akwatin roba mai huji a rataye a babban akwatin, tsofaffin su gan shi ba su iya taɓa shi.

Halichoeres a cikin yashi yake kwana, yana bukatar mai laushi zurfin santimita 5. Sabon zuwa yana iya nutsewa kwanaki ba ka gan shi ba, kada ka tona. Sauran biyun a ramin dutse suke kwana cikin rigar yauƙi. Dukansu masu tsalle ne, ka rufe saman da raga mai ido bai wuce milimita 6 ba. Gilashi bai dace da mu ba, yana riƙe zafi. A Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke wuce digiri 40, ruwan ya tsaya tsakanin 24 da 26, wanda ke nufin na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai sanyi, da famfon iska mai batir don lokacin ɗaukewar wuta. Nauyin gishiri ya tsaya a 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa, abin da ya ƙafe a cike shi da tataccen ruwa marar gishiri kowace rana. Abinci kaɗan-kaɗan sau 2 ko 3 a yini, don Paracheilinus cikinsa ƙarami ne, ciyarwa ɗaya ba ta riƙe shi.