Hukuncin Rataya Zanen Duwatsu da Hazo na Turawa a Falo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Jamus. A gidan adana zane-zane na birnin Hambug na ga zanen Caspar David Friedrich na wajen 1818: mutum tsaye a kan dutse ya ba mu baya, hazo ya lulluɓe duk abin da ke ƙarƙashinsa. Tsigar jikina ta tashi, har na sayi kwafinsa. Ya halatta in rataya shi a falo? Tsoron da na ji kuma, babu shirka a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Zanen dutse da teku da gajimare halal ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya tambayi Ibnu Abbas, ya ce masa in ba makawa, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai.

Maganar tana kan mutumin nan. A wurin Malikiyya, haramun shi ne mutum-mutumi mai inuwa, cikakken gaɓoɓi. Na kan takarda, idan an ɗaukaka shi a bango, makaruhi ne. Shafi'iyya da Hanabila kuwa sun haramta. Ɓoyuwar fuskarsa ta rage nauyin lamarin, amma kansa yana nan. Da ni ne, da na musanya shi da zanen Friedrich na tekun ƙanƙara da ya murƙushe jirgi, wanda yake a gidan adana zane-zanen da ka shiga, babu mutum a cikinsa. Kowanne ka zaɓa, kada ya kasance a alƙiblarka, domin Annabi (SAW) ya sa Nana A'isha ta kawar da labule mai zane saboda yana gitta masa a sallah.

Tsoronka ba shirka ba ne, ɗana. Nana A'isha ta ce idan Annabi (SAW) ya ga hadari ko iska, ana gane hakan a fuskarsa. Aya ta 32 a Suratu Luƙman ta ambaci mutanen da igiyar ruwa ta rufe kamar inuwoyi, suka kira Allah shi kaɗai. Inda wasu masu tunanin zamanin Friedrich, wanda ake kira Romantik (salon Turawa na girmama shauƙin zuciya da kyan halitta), suka zame shi ne ɗaukar halittar kanta a matsayin abin tsarkakewa, har suka cakuɗa ta da Mahalicci. Dutse bawa ne, hazo bawa ne. Idan ka dubi zanen jikinka ya yi sanyi, ka ce Subhanallah, sai a rubuta maka lada.

Wallahu a'alam.