Amsa kan kujerar Eames: ta asali ce ko jabu?

Salamu alaikum jama'a. Alhaji, na ji tambayarka kan kujerar Eames ɗin da dillali ya turo maka, wai yaya za ka gane ta asali ce kafin ka biya. To, ka saurara.

Kujerar hutawa ce ta katako da fata, mai zuwa da abin ɗora ƙafa, wadda ake kira Eames Lounge Chair. Charles Eames da matarsa Ray ne suka tsara ta, kamfanin Herman Miller na Amurka ya fito da ita a 1956, kamfanin Vitra kuma ke ƙera ta Turai. Ka fara da ƙirga ƙafafu: kujerar biyar gare ta, abin ɗora ƙafar kuma huɗu. Sannan a zauna a jingina. Ta asali tana juyawa, amma a kishingiɗe aka kafe ta, ba ta ƙara kwantawa. In ka ga wani hannu na kwantar da ita, jabu ce, kada ma ka taya.

Yawwa, sai katakon. Ka sa a ɗauko maka hoton bakinsa kusa-kusa, ka ƙirga fallayen da aka manne. Tsofaffin falle biyar ne, na baya-bayan nan bakwai. Kada tambarin da ke ƙasa ya ruɗe ka, ana ɓamɓaro shi a liƙa wa wata.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne ƙarƙashin hannuwan kujerar. Abin da ya riƙe bayan da mazaunin wasu robobi ne da aka manne da gam a jikin katakon ta ciki, shi ya sa ba ka ganin kan kusa ta waje. In ta tsufa robar kan bushe, gam ɗin ya saki, mutum na jingina sai bayan ya ɓalle, wani lokacin har ya yage katakon. Don Allah kada a bar kafinta ya huda ya ɗaure da noti. An gama da darajarta ke nan. Kankare tsohon gam ake yi, a manna sabuwar roba duka ɓangarorin biyu, a matse har ya kama. Kuma a nesanta ta da hasken rana, zafi ne ke cin robar.

Abu ɗaya kuma, Alhaji. In katakon rosewood na Burazil ne, tun 1992 yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta tsaurara cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ka ce mai sayarwa ya nuna takardar da ta tabbatar an sare shi kafin lokacin, in ba haka ba kwastan na iya riƙe ta.