Katifa, fanka ko ƙwayar barci: wanne zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Kano. Wata uku ke nan ba na barcin kirki. Ina kwanciya wajen sha ɗaya da rabi, in tashi da asuba bayana kamar an yi mini duka. Na tara ɗan kuɗi, ina tunanin katifa ko fanka mai caji, abokina kuma ya ce in sayi ƙwayar barci a kemis kawai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙwayar nan dai, don Allah ka bar ta a kantar kemis. Irin su diazepam da ake miƙa wa mutane da sunan maganin barci, ba a shan su sai likita ya rubuta. Cikin 'yan makonni jiki ke sabawa, ƙwaya ɗaya ta daina isa, ranar da ka tsaya kuma barcin ya ƙaurace maka fiye da da. Mun ga yadda maganin tari mai kodin ya yi da matasanmu, har gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018.

Yanzu mu ƙirga. Daga sha ɗaya da rabi zuwa biyar na asuba awa biyar da rabi ne, alhali baligi na buƙatar aƙalla awa 7. Babu katifar da za ta biya maka wannan bashin, sai ka rufe shago da wuri, ko ka ɗan yi ƙailula bayan azahar. Na kuma san teloli da goro da shayi. Sinadarin da ke cikinsu mai wartsake mutum yakan ɗauki kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, ka ga goron magariba yana nan tare da kai har kan gado. Ka tsayar da shi daga la'asar.

Batun katifa kuwa, gwada wadda kake da ita tukuna. Yaye zanin gado, ɗora doguwar sanda a kanta daga gefe zuwa gefe. In tafin hannunka ya shige tsakanin sandar da tsakiyar katifar, ta mutu, kuma wataƙila da hannunta a ciwon bayan nan, ban da zaman keken ɗinki. To nan kuɗinka ya kamata ya tafi.

In ka je saye, kada kauri ya ruɗe ka. Katifa mai inci goma ta soso mara nauyi kan lotsa da wuri, ta bar mai inci shida mai ƙarfin soso tana nan daram. Ɗaga gefenta ka ji nauyi. Ka cire kunya ka kwanta a kai minti goma, rigingine da kuma gefe, domin danna ta da yatsa ba ya nuna komai. Ba dole ne ta yi tauri kamar allo ba: wani bincike da aka yi a Sifen a 2003 kan masu ciwon baya 313 ya nuna mai matsakaicin tauri ta fi mai tauri sosai sauƙaƙa ciwon. Ko Vitafoam ka zaɓa ko Mouka ko wata, saya wurin dilansu ka karɓi rasit.

In katifar lafiyarta ƙalau, sayi fankar. Jiki sai ya ɗan huce yake kama barci, zafin Afrilu a Kano kuma kan haura digiri 40. Tambayi awa nawa batirinta ke yi. Ka haɗa da gidan sauro mai magani, ka shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin ka ɗaura.

Tambaya: Maigidana na minshari sosai, wani lokaci numfashinsa ya tsaya, sai ya zabura. An tallata mini wani filo mai tsada wai yana magance shi. In saya?

Amsa: Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Minsharin da numfashi ke yankewa a cikinsa alama ce ta toshewar hanyar iska lokacin barci, kuma yana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya. Filo ba ya warkar da wannan. Ki ɗauki sautinsa a waya da dare, ki lallaɓa shi ku je asibiti a auna jininsa, likita ya saurara. Kafin nan ya riƙa kwanciya ta gefe, kuma in gyangyaɗi na kama shi da rana, ya dakata da tuƙi.