Amsa: me "skeevy" ke nufi, kuma daga ina ta fito?

Ɗan'uwa, ka ce ka ji "skeevy" a bakin 'yan New York, kana tambaya ko Turanci ce ta asali. A'a, aro ce daga Italiyanci.

Ma'anarta abin ƙyama. Ka ɗauki banɗakin tasha da ya kwana ba a wanke ba, ko mutumin da kallonsa kaɗai ke sa tsigar jikinka ta tashi. Tushenta "schifo", wato ƙyama, da "schifoso", mai ban ƙyanƙyami. Ba'italiye in ya tsinci gashi a miya sai ka ji "che schifo!", kamar mu ce tir.

Italiyawa kusan miliyan 4 ne suka kwarara Amurka tsakanin 1880 da 1920, galibinsu 'yan kudu. A bakin 'ya'yansu da jikokinsu kalmar ta lanƙwashe, "f" ta koma "v".

Inda ake tuntuɓe: "ch" a Italiyanci "k" ce, don haka "skifo" za ka furta. Kada kuma ka ce wa mutum "fai schifo", wato kana ban ƙyama, da sunan wasa, zagi ne tsagwaronsa. "Skeevy" kanta maganar titi ce, ba ta shiga wasiƙar ofis.

In bincike kake na makaranta, duba "schifo" a ƙamus ɗin Italiyanci na Treccani, ko ka tuntuɓi malamin Italiyanci.