Kanwa da Naman Layya

Ɗana, saƙonka ya iso. Na yi dariya har goggonka ta leƙo, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai jiƙa kanwa bayan cin naman layya al'adar tsofaffi ce kawai, ko magani ce? Tunda ka sayi wata kwalba a motar Yawunde, mai wanke ciki, mai korar basir, mai ƙara ƙarfi. To wa ya haɗa ta? Mai tallar ma, a dafa masa Alƙur'ani, bai sani ba.

Zamanin Ahijo, shugaban Kamaru, muna samari a Garwa, wata Babbar Sallah yayana, Allah ya jiƙansa, ya tsare bakin kasko. Ana suya yana tsame hanta da kitse da zafinsu, ya bi da ruwan randa. Kafin la'asar ciki ya ɗaure tamau, ƙirji na ƙuna, gyatsa na warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kakarmu ba ta tanka ba. Ta kwance wani ƙullin tsumma, ta ɓantari ungurnu, irin kanwar da fatake ke kawowa daga gaɓar Tafkin Chadi, ɗan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ta jefa a ƙoƙon ruwan ɗumi, ta barbaɗa citta. Ya kurɓa yana yamutsa fuska. Ba a jima ba ya saki gyatsar da ta watsa kajin tsakar gida, mata na shewa. Ta hana shi kwanciya, ta ce ya zaga unguwa, da dare kuma kunun tsamiya kaɗai ya gani.

Cewa take yi, kanwa baƙuwa ce, ba a ba ta ɗaki. Yadda take kashe tsamin yakuwa a tukunya haka take kashe na ciki, amma gishiri gare ta. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su bar ta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego.

Malaminmu na allo kullum yana maimaita hadisin nan: kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi. Ku kuwa sai sha ɗayan dare ku narki shinkafa da mai, ku ɗora lemon kwalba, ku miƙe a katifa da waya a hannu, sannan ku nemi kwalbar da za ta biya muku bashi.

In ƙunar nan kullum ce, ko bayan gida ya yi baƙi, ko kana ramewa, wannan ya wuce ƙoƙo, ka je asibiti a duba gyambon ciki. Jiƙon maɗaci kuwa, tambayi mahaifiyarka, ta fi ni sanin awonsa. Ka turo min hoton kwalbar, kada ka ƙara sha tukuna.