Maƙeri ya ɓatar da sarƙar mahaifiyata: dole ne ya biya?

Tambaya: Na kai sarƙar zinaren da na gada daga mahaifiyata wajen wani maƙerin zinare a Kano don ya gyara mata maɗauri. Yanzu ya ce ta ɓata a shagonsa, wai ƙaddara ce, ba zai biya ba. Ina da haƙƙi a kansa?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifiyarki. Kina da haƙƙi, kuma cewar ƙaddara ce ba ta wanke shi.

Mutane kan haɗa wannan da ajiya, alhali hukuncinsu daban ne. Wanda kika ba ajiya ba ya biya sai in ya yi sakaci. Amma a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Arewa ke bi, mai sana'ar da ya buɗe shago yana karɓar kayan jama'a, maƙeri ne ko tela ko marini, shi ke lamunce abin da aka bar masa. Risalar Ibn Abi Zaid ta faɗi haka ƙarara: ko da lada ya yi aikin ko kyauta. Ba zai kuɓuta ba sai ya kawo shaidun da suka tabbatar kayan sun salwanta ba da hannunsa ko sakacinsa ba. Kotun majistare ma kusan haka take: ke ki tabbatar kin ba shi, shi kuma nauyin nuna ya kula da ita yadda ya kamata yana wuyansa.

Inda zuciya ke ƙuna shi ne wajen biya. Alƙali ba zai sa wa ƙaunar uwa farashi ba, ƙimar sarƙar zai yanke. Don haka ki tsaya kan wannan ƙimar sosai. Nemo rasit in akwai, hotunan biki da sarƙar ta fito, da wanda ya raka ki shagon. Ki san nauyinta giram nawa ne, kuma ma'aunin ingancin zinaren, wato karat, 18 ne ko 21 ko 22. Kada ki yarda ya lissafa miki kuɗin da aka saye ta shekarun baya, zinare ya tashi tun tuni.

Ki fara da shugabannin kasuwarsu, galibi sun fi saurin ƙwato haƙƙi, amma duk alkawarin da ya ɗauka a rubuta shi gaban shaidu. In kuma kina da dalilin zargin sayar da ita ya yi, wannan cin amana ne, laifi ne a ƙarƙashin dokar Penal Code, kuma kai ƙara wurin 'yan sanda da wuri na iya sa a gano sarƙar kafin a narka ta.