Amsar Hajiya ga mai tambaya kan hutun ciwon damuwa

Assalamu alaikum, 'yan'uwana mata na wannan zaure, da fatan an wuni lafiya, ya ɗawainiyar iyali. Na saurari tambayar da shugabar zaure ta turo a madadin wata ƙanwarmu da ta nemi a sakaya sunanta, wadda take riƙe da akwatin kuɗi a wata ma'aikata mai zaman kanta a nan Damagaram. Likita ya tabbatar mata da ciwon damuwa, ya rubuta mata hutun wata guda, yanzu kuma patron ɗinta, wato shugabanta a wurin aiki, yana ta bugo waya yana son jin abin da ke damunta, ita kuwa ta rasa ko ta faɗa masa gaskiya ko ta ce masassara ce. Na daɗe ina aiki a ofishin kula da ma'aikata, takardun hutu irin wannan ta hannuna suke wucewa, shi ya sa na ga ya kamata in sa baki.

Ƙanwata, sannu da jiki, Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Abin da patron yake da haƙƙin sani a kanki abu biyu ne, wato cewa likita ya ce ba za ki iya aiki ba, da kuma ranar da ake sa ran komawarki, kuma duka biyun suna cikin takardar da aka ba ki. Sunan ciwon sirri ne tsakaninki da likitanki, wanda shi kansa aikinsa ya haramta masa ya faɗa wa kowa ba da izininki ba, ko da patron ne ya je da ƙafarsa ya tambaya. Sai dai ki duba takardar da kyau kafin ki miƙa ta, domin wani lokaci ba a rubuta sunan ciwon ba amma hatimin sashen da ya duba ki ya riga ya faɗi komai, kuma idan haka ne, babu laifi ki koma ki gaya wa likitan damuwarki, ki ji yadda zai iya taimakonki.

A shekarun da na yi, ban ga an sallami kowa don ya ƙi faɗin sunan ciwonsa ba, amma na ga waɗanda aikinsu ya salwanta saboda sun kwanta a gida sun kashe waya, hutun ya ƙare ba su sabunta takarda ba, aka rubuta musu cewa sun gudu daga aiki. Wannan ne ya fi ba ni tsoro a kanki, domin ciwon damuwa shi ne ainihin ciwon da ke sa ɗaga waya ko zuwa asibiti ya zama wa mutum nauyi. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ce idan likitan da hukuma ta amince da shi ya tabbatar da rashin lafiyar ma'aikaci, kwantaraginsa yana tsayawa ne bai mutu ba, har tsawon wata 6. Kariyar nan kuwa takarda ce ke riƙe da ita. Ki sa wani amintacce daga gida ya kai ta ofis, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafi ya dawo miki da shi ki adana, kuma ki koma wurin likita kafin ranar ƙarshe ta hutun, kada ki bari sai ta wuce. Maganar albashi kuma, asusun CNSS, wato asusun ƙasa na tallafa wa ma'aikata, haɗarin aiki da kuɗin iyali da fansho yake ɗauka, ciwo irin naki ba ya ciki, saboda haka ki duba kwantaraginki, ki tambayi wakilin ma'aikata ko ofishin sufeton aiki abin da ya hau kan ma'aikatarku gwargwadon daɗewarki. Ma'aikatan gwamnati da ke saurarena, ku tsarinku daban ne.

Ban yarda ki ce masassara ba, kuma ban yarda ki ƙirƙiro wani ciwo ba. Masassara ba ta cin wata guda, idan aka ƙara miki hutu sai ki nemo wata ƙaryar ki ɗora, ga shi kuwa aikinki na kuɗi ne, jarinsa kaf amana. Kina iya cewa: "Ranka ya daɗe, na gode da tambaya, ina hannun likita ina shan magani, ya ce in huta zuwa rana kaza, kuma idan an sami canji zan sanar da kai da wuri." Wannan gaskiya ce tsantsa, babu rashin ladabi a cikinta. Idan ya matsa, ki ce abu ne da kike son ya tsaya tsakaninki da likita, yawancin maza kuwa idan mace ta faɗi haka sukan ja baya.

Dalilin da ya sa nake cewa kada ki faɗa yanzu shi ne halin garinmu, wanda duk mun san shi. Ciwon damuwa ciwo ne sananne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da shi, kuma ya fi yawa a mata. Amma a nan, da zarar kalmar ta fita daga bakinki, kafin ta isa ofis na uku ta koma taɓin hankali, wata ta ce iska ce, wani ya ce sammu aka yi miki, wani kuma, abin da ya fi ciwo, ya ce ƙarancin tawakkali ne, alhali mai sallar dare ma yana kamuwa da shi. Dokar da na ambata ta hana a nuna wa ma'aikaci bambanci saboda naƙasa ko ciwon sida ko amosanin jini, amma ba ta kira ciwon damuwa da sunansa ba, kuma ko ta kira, babu dokar da za ta hana a riƙa sake ƙirga kuɗin da kika ƙirga, ko a tsallake ki ranar ƙarin girma ba tare da an faɗi dalili ba. Magana zarar bunu ce. Abin da ba ki faɗa yau ba kina iya faɗinsa bayan wata biyu, kuma a lokacin hankalinki ya fi kwanciya, domin maganin wannan ciwo yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, mai cikin tsananinsa kuwa yakan ga kamar ya yi wa kowa laifi, sai ya yi ta bayanin da ba a bin sa bashinsa.

Akwai lokacin da faɗin yake da amfani, shi ne gab da komawa aiki, idan akwai takamaiman abin da kike buƙata. Wasu magungunan, irin su amitriptyline, suna sa barci da nauyin jiki musamman a farko, kuma likitoci sukan so a ci gaba da shan magani wata 6 ko fiye bayan an ji sauƙi, ga ranakun komawa asibiti. Idan kina son a ɗauke ki daga akwatin kuɗi na ɗan lokaci, ko a ba ki izinin fita ranar ganin likita, to ki zaɓi mutum ɗaya wanda kika taɓa ganin ya riƙe sirrin wani, ki faɗi buƙatarki, kuma ya fi kyau likita ya rubuta ta. Sau da yawa buƙatar kaɗai ta wadatar. Idan kuma patron ɗinki mutumin kirki ne da kika gwada shi, kika ga faɗin zai sauƙaƙa miki, wannan zaɓinki ne, na ga inda aka faɗa aka sami rangwame da mutuntawa.

Saura maganar dubiya. Abokan aikinki za su zo, za su same ki a zaune babu ƙarin ruwa babu bandeji, ko wata ta gan ki a kasuwar Dole ta kai labari cewa lafiyarki ƙalau. Kada wannan ya sa ki kulle kanki a ɗaki, domin fita da tafiya da zama cikin mutane suna daga cikin abin da ake so mai wannan ciwo ya yi. Ki tambayi likita ya tabbatar miki da haka don zuciyarki ta natsu, ki kuma shirya da mutanen gida su riƙa ba da amsa iri ɗaya, cewa da sauƙi, ana kan magani. Bukukuwa da sa hotuna a waya ne kawai zan ce ki rage har hutun ya ƙare.

Idan kuma wata rana kika ji tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki ajiye duk maganar aiki, ki gaya wa na kusa da ke a take, ya raka ki Babban Asibitin Damagaram ko wurin likitan da ke duba ki, ko da dare ne. Shugabar zaure tana da lambata, ki turo mini kwantaraginki ta hannunta ki rufe sunanki, zan duba miki maganar albashin. Wassalamu alaikum.